Yadda Ake Haɗa Tafkin Bado da Kifin Ado a Cikin Gida

Bado ba baƙon tsiro ba ne a ƙasar Hausa, domin duk wanda ya saba wucewa ta bakin kududdufi ko fadama a ƙarshen damina ya san faffaɗan ganyensa da ke kwance a kan ruwa, da farin furensa da ke buɗewa da dare ya rufe idan hantsi ya yi. Abin da bai yaɗu ba tukuna shi ne a gina masa ƙaramin tafki a tsakar gida ko a cikin lambu, a haɗa shi da kifaye masu launi waɗanda ake ajiyewa don kallo kawai. Aikin ba ya cin kuɗi kamar yadda ake zato, sai dai yana da jeri wanda idan aka saɓa masa asara ce ke biyo baya: a fara gyara wuri da ruwa, sannan a shuka tsirrai a bar su su kama, kifi kuma shi ne na ƙarshen shiga, kuma kaɗan ake zubawa. Da yawa daga cikin masu kokawa cewa kifin ado ba ya rayuwa a ƙasarmu, idan aka bincika sai a tarar sun gama gini ne yau, suka cika ruwa gobe, suka zuba kifi jibi, kafin mako ya zagayo suka tsame matattu.

Zaɓen wuri shi ne matakin da ba a iya gyarawa daga baya, saboda haka ya cancanci dogon nazari. Bado yana son rana ta kimanin awa 6 a yini kafin ya yi fure sosai, kifi kuwa ba ya son ruwa ya ɗauki zafi, alhali a garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Maiduguri da Damagaram zafin watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Hanyar daidaita waɗannan buƙatu biyu ita ce a nemi wurin da rana ke samu tun fitowarta har zuwa azahar, sannan katanga ko ɗakin da ke yamma da shi ya yi masa inuwa daga nan zuwa magariba. Kada inuwar bishiya ta ruɗi mutum, domin darbejiya da mangwaro suna zubar da ganye da fure da 'ya'ya a cikin ruwa, waɗanda kan ruɓe su cinye iskar da kifi ke shaƙa, saiwarsu kuma tana bin danshi har ta tsaga siminti. Haka nan ba a gini a kwari inda ruwan sama ke taruwa, ko a ƙarƙashin indararo, saboda ruwan da ya wanke tsakar gida yana zuwa da sabulun wanki da kashin dabbobi da sauran ƙazanta.

Gidan da ke da ƙananan yara yana da wani sharaɗi da ya fi duk waɗannan muhimmanci. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babban mutum ba, kuma abin yakan faru ne shiru, ba tare da kukan da zai ankarar da na cikin ɗaki ba. Wajibi ne a kewaye tafkin da shinge mai ƙofa da sakata, ko a sa mai walda ya haɗa ragar rodi mai ƙarfi a girka ta daidai fuskar ruwan yadda ganye zai iya fitowa ta ramukanta. Wanda ba zai iya ɗaya daga cikin biyun ba, gara ya dakata da gini har yaran su tasa.

Zurfi ya fi faɗi amfani a ƙasa mai zafi. Ruwa marar zurfi yana zafi da rana yana sanyi da dare, kuma wannan hawa da sauka yana gajiyar da kifi fiye da zafin kansa, saboda haka tsakiyar tafkin ta kai santimita 80 zuwa mita 1. A gefe ɗaya ko biyu a yi dakali a cikin ruwa, mai zurfin kimanin santimita 30, inda za a jera tukwanen tsirran da ba sa son nutsewa sosai. Sanin yawan ruwan da tafki ke ɗauka yana da amfani wajen ƙidayar kifi da auna magani, kuma lissafinsa ba wuya: a ninka tsawo da faɗi da zurfi a ma'aunin mita, abin da ya fito a ninka shi da 1,000, shi ne adadin lita. Tafki mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1.5 da zurfin santimita 80 yana ɗaukar lita 2,400, wato jarka 96 mai cin lita 25, kuma wannan girman ya wadatar da gida matsakaici.

Wajen gini, abin da magina suka saba yi wa masu kiwon tarwada ya isa: a zuba kankare a ƙasa, a ɗora bulo mai inci 9 a cika ramukansa, a yi filasta mai santsi da garin hana yoyo, a kuma lanƙwasa kusurwoyi domin datti kada ya maƙale. Bakin tafkin ya ɗara fuskar ƙasa tsawo da santimita 20 zuwa 30. A sa bututu a ƙasa don zubar da ruwa, da wani kusa da baki wanda zai fitar da rarar ruwan sama, a ɗaure masa raga don kada ƙananan kifaye su bi. Wanda ba ya son gini yana iya haƙa rami ya shimfiɗa yashi mai laushi, sannan ya ɗora tamfol mai kauri irin na kiwon kifi, wanda kuma yake gidan haya yana iya farawa da rabin tankin roba ko babban baho, muddin ba a taɓa zuba mai ko maganin feshi a ciki ba.

Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi a cikin ruwa, wanda ke ƙona fatar kifi da wurin numfashinsa. Maganinsa shi ne a cika tafkin a bar shi kwana 5 zuwa 7, a zubar, a goge bango da buroshi ba tare da sabulu ba, a sake cikawa, a maimaita haka sau uku ko fiye. Masu sayar da kayan kiwon kifi suna da takarda ko ruwan gwaji na auna pH, wato ma'aunin kaifin ruwa, kuma idan ma'aunin ya tsaya tsakanin 7 da 8 kwanaki bayan cikawa ta ƙarshe, siminti ya huce. Ruwan famfo na hukuma yakan zo da sinadarin kilorin, don haka a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana biyu kafin ya haɗu da kifi. Ruwan burtsatse da na rijiya ba su da wannan matsala, amma suna fitowa daga ƙasa da ƙarancin iskar oksijin, shi ya sa ake so a watso su daga sama suna fantsama maimakon a nutsar da bakin tiyo a ƙasan tafki.

Tsirran da za a shuka

Akwai tsirrai iri biyu da ake yawan haɗawa wuri ɗaya, alhali renonsu ya bambanta. Na farko shi ne badonmu na gida da danginsa, waɗanda ganyensu ke kwanciya a kan ruwa kuma yana da tsaga daga gefe zuwa tsakiya. A cikinsu akwai fari mai buɗewa da dare, akwai kuma shuɗi mai buɗewa da rana, kuma wanda ke fita aiki tun safe ya dawo da yamma zai fi morar mai buɗewa da dare. Na biyu shi ne lotus na ƙasashen Asiya, furen ƙasa na Indiya, wanda ganyensa zagayayye ne ba tsaga, yana miƙewa sama da ruwa a kan dogon kara har fiye da mita ɗaya, ruwa kuma ba ya jiƙa shi sai dai ya gangare. Furensa fari ne ko ruwan hoda ko ja, akwai kuma dangi mai rawaya daga Amurka, amma babu shuɗi, saboda haka duk mai tallan irin lotus shuɗi ko mai launuka bakwai a intanet hoton da aka yi wa kwaskwarima yake nunawa. A ganina mai farawa ya fara da badon gida, domin ya riga ya saba da zafinmu da ruwanmu, kuma ganyensa ne ke yi wa kifi inuwa. Lotus ya biyo baya idan hannu ya faɗa.

Ɗebo bado daga kududdufi ko fadama yana da haɗarin da bai kamata a raina ba. Irin waɗannan ruwaye ne mazaunin ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, kuma sukan maƙale a bayan ganye tare da ƙwansu mai kama da majina. Wanda zai ɗebo ya sa dogon takalmin roba da safar hannu, ya ɗauki tushen kawai ya yanke tsofaffin ganyaye, ya wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, sannan ya shuka shi a baho na daban na tsawon mako 3 zuwa 4 yana dubawa yana tsince duk dodon-koɗin da ya ɓullo. Wannan jira yana kuma kare tafkin daga ƙwan wasu kifaye da ƙwari masu cin 'ya'yan kifi.

Ba a zuba ƙasa a gindin tafki gaba ɗaya, a tukunya ake shuka, domin hakan ne ke ba da damar ɗagowa a gyara ko a raba. Baho na roba mai faɗin santimita 35 zuwa 45 ya dace da bado. Ƙasar da ake so ita ce mai nauyi, irin ta fadama mai haɗe da yumɓu, ba ƙasar masu sayar da furanni mai buntun shinkafa da ɓawon katako ba, wadda ke tasowa ta yi iyo. Ɗanyen taki na kaji ko na shanu ba ya shiga ciki ko kaɗan, domin zai mayar da ruwan kore ya kuma sa shi wari. A cika kashi biyu cikin uku na bahon, a dasa tushen a tsakiya yadda kan da ganye ke fitowa zai zauna daidai fuskar ƙasa ba a binne shi ba, a rufe sama da tsakuwar da aka wanke, kaurin yatsa biyu, don kada kifi ya tone. Da farko a ɗora bahon a kan tsofaffin bulo yadda ruwan da ke samansa ba zai wuce santimita 20 ba, sannan a riƙa rage bulon yayin da ganye ke tsawo, har ya zauna a zurfin santimita 40 zuwa 60.

Lotus yana buƙatar baho mafi faɗi, kuma lallai zagayayye, saboda saiwarsa tana gudu a kwance cikin laka, idan ta ci karo da kusurwa sai ta cije ta karye. Idan saiwa aka samu, a kwantar da ita a kan laka a ɗan danne ta da dutse, a bar tsinin da ke tsirowa yana kallon sama, a kuma yi hattara da shi matuƙa, domin idan ya karye da wuya saiwar ta rayu. Idan kuwa iri ne, ɓawonsa yana da tauri ƙwarai, har ma masana sun taɓa tsirar da irin da ya kai kimanin shekara 1,300 wanda aka tono daga wani busasshen tafki a arewa maso gabashin ƙasar Sin. Saboda wannan taurin ake goga gefensa da magagari ko a kan siminti har sai farin ciki ya fara bayyana, a tsaya nan, a jefa shi a kofin ruwa mai ɗumi ana canza ruwan kullum. Cikin mako guda yakan tsiro, kuma idan ya fitar da ganye biyu ko uku da 'yan saiwoyi sai a mayar da shi laka, da ruwan da bai wuce santimita 10 ba a samansa. Ganyayen farko suna kwanciya a kan ruwa, masu tsayuwa daga baya suke zuwa, fure kuma sau da yawa sai a shekara ta biyu. Farkon bazara ne lokacin shukarsa, domin ya samu dogon zafi ya yi ƙarfi kafin hunturu.

Duka biyun suna da ci, kuma idan ganye ya fara ƙanƙancewa ko fure ya ɗauke, alama ce ta yunwa. A ɗauki ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK, a dunƙule shi a cikin curin yumɓu, a bar shi ya ɗan bushe, a tura shi can ƙasan tukunyar nesa da tushe, a toshe ramin da laka. Sau ɗaya a wata ya isa a lokacin da tsiron ke girma, kuma ba a taɓa barbaɗa taki a cikin ruwan kai tsaye. Abin da ake nema shi ne ganye ya rufe kimanin rabin fuskar tafkin ko ya ɗan fi, sauran kuma a bar shi a buɗe don iska ta shiga.

Kainuwa, dashen Allah, tana da amfani wajen tsotse dattin ruwa da ba 'ya'yan kifi mafaka, amma tana hayayyafa da sauri, kuma akwai nau'in sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta, don haka a tsare ta a cikin zoben tiyo a kusurwa ɗaya ana rage ta kowane mako. Kachala kuwa, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru, da ciyawar nan mai kumburarren kara da fure ruwan shunayya, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta mamaye ruwayen Legas tun daga 1984, bai kamata a kawo su gida ba.

Jira, sannan kifi

Bayan an shuka tsirrai sai a jira, kuma wannan jiran yana da dalili. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya a cikin ruwa, wanda guba ne gare shi. A tafkin da ya zauna akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin bango da tsakuwa da tukwane, waɗanda ke juya amoniya zuwa wani sinadari, wasu kuma su sake juya wannan zuwa abin da tsirrai ke sha a matsayin taki. Sabon tafki ba shi da su da yawa, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata. A cikin wannan lokacin ruwan yakan yi kore shar, abin da ke tayar wa mai tafki hankali har ya zubar ya sake sabo, alhali yin haka mayar da aiki baya ne, domin koren yakan lafa da kansa idan ganyen bado ya rufe ruwa ya tare rana. Gansakuka mai laushi da ke kama bango ma ba datti ba ce, abincin kifi ce.

Matsalar da ke cikin jiran ita ce sauro, wanda a lokacin zafi yakan tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kimanin kwana 7 zuwa 10. Shi ya sa bayan mako na farko ake zuba 'yan ƙananan kifayen gupi guda biyar ko shida, waɗanda ƙanƙantarsu ba za ta ɓata sabon ruwa ba, amma suna cinye tsutsar sauro. Gupi ɗan asalin arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne da tsibiran da ke kusa, ba ya yin ƙwai sai dai ya haifi 'ya'ya kusan kowane wata, kuma rauninsa ɗaya shi ne sanyi, domin ruwan da ya sauka ƙasa da digiri 18 yana wahalar da shi, abin da mazauna Jos da masu ƙananan baho a tsakiyar hunturu ya kamata su lura da shi.

Babban kifin irin wannan tafki shi ne kifin zinariya, wanda mutanen Sin suka fara renonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A zaɓi mai siririn jiki da wutsiya ɗaya, domin masu kumburarren ciki da manyan idanu da wutsiya biyu na akwatin gilashi ne, ba sa iya gudu kuma ba su da juriya. A tafki yakan kai santimita 20 ko fiye, ya kuma rayu sama da shekara 10. Kifin koi, wanda manoman yankin Niigata na Japan suka fitar da launukansa a ƙarni na 19, ya kuma shahara bayan baje kolin Tokyo na 1914, ya fi kowane kyau, amma yana girma ya wuce santimita 60, yana tone tukwane yana cin sabon ganye, kuma kowane ɗaya yana son ruwan da ya kai lita 1,000 tare da matata mai aiki dare da rana. Ba na ba mai ƙaramin tafkin bado shawarar ya saya. Tarwada da karfasa ma ba nan ne wurinsu ba, saboda ta farko tana haɗiye ƙananan kifaye tana dama laka, ta biyu kuma tana cin tsiro tana cika wuri da 'ya'ya.

A tafki mai lita 2,400 wanda ba shi da inji, kifin zinariya 8 zuwa 10 tare da gupi sun isa, kuma ba rana ɗaya ake zuba su ba, sai dai uku ko huɗu a fara, a ƙara bayan mako biyu. Wajen saye a tsaya a kalli kifin sosai, a guji wanda ya ware kansa, ko ya manne fiffikensa a jiki, ko yake da fararen ɗigo ko gyambo, a kuma guji duk akwatin da aka ga matacce a ciki. A ɗauko shi da sassafe ko da yamma, kada a bar ledar a bayan mota cikin rana. Idan an iso gida a ɗora ledar a kan ruwan tafkin a inuwa minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita, a buɗe a riƙa ƙara ruwan tafki kaɗan kaɗan, sannan a tsamo kifin a sake shi, ruwan ledar kuma a zubar a waje. Duk kifin da za a ƙara daga baya ya fara zama mako biyu zuwa uku a baho na daban.

Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin ado. Sau ɗaya ko biyu a rana, a ba su abin da za su cinye cikin minti 3, a kwashe ragowar. Abinci mai iyo a saman ruwa ya fi, domin yana nuna wanda ya ci da wanda ya ƙi, kuma ƙin ci shi ne alamar farko ta rashin lafiya. Ƙananan ƙwayoyin abincin tarwada suna yi idan babu wani, amma an haɗa su ne don saurin ƙiba, saboda haka a rage yawan. Tuwo da burodi da dusa da ragowar shinkafa mai mai ba sa shiga tafki, kuma yana da kyau a sanar da yara da baƙi wannan. Idan tafiya ta kama ta mako guda, gara a bar kifin ya yi kiwo da gansakuka da ƙwari a kan a damƙa gwangwanin abinci ga wanda bai saba ba.

Lokacin da ya fi haɗari a rayuwar tafki shi ne asuba. Da rana tsirrai da koren ruwa suna samar da iskar oksijin, da dare kuwa su ma shaƙarta suke yi tare da kifi, saboda haka kafin fitowar rana ne take yin ƙasa. Ga kuma zafi, domin lita ɗaya ta ruwa tana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a digiri 20, amma a digiri 30 ba ta wuce kimanin 7.5. Wanda ya fito bayan sallar asuba ya ga kifaye sun taru a sama suna buɗe baki, ya sani iska ta yi kaɗan, kuma abin yi nan take shi ne ya riƙa ɗiban ruwan da bokiti yana kwararo shi daga sama, ya canza wani kaso, ya kuma hana abinci a wannan rana. Idan abin yana maimaituwa, kifin ya yi yawa ko laka ta taru. Ƙaramin injin hura iska ko na zagaya ruwa yana taimakawa, sai dai mai aiki da sola wanda ba shi da batir yana tsayawa ne daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta, shi ya sa ya fi aminci a ƙayyade kifi daidai abin da tafkin zai iya ɗauka ko da inji ya mutu. Idan an sa mai fesa ruwa, a nisanta shi da bado, domin ba ya son ruwa mai motsi ko yayyafi a kan ganyensa.

Kowane lokaci na shekara da aikinsa. A hunturu ƙura tana sauka a kan ruwa, kifi yana rage ci saboda sanyi, don haka a rage abinci a bayar da shi da hantsi. Lotus yakan yi rawaya ya kwanta a wannan lokaci, busasshiyar iska kuma tana ƙona gefen ganyensa, amma saiwar tana nan da rai, kuma idan za a yanke busasshen kara a yanke shi sama da ruwa, saboda cikinsa rami ne da ruwa zai bi ya ruɓar da saiwa. A bazara tafkin yana iya rasa kusan santimita ɗaya a rana, wato fiye da jarka guda a girman da aka ambata, sai a riƙa cikawa da yamma, a kuma ɗaura ragar inuwa a sama idan zafi ya tsananta. A damina a tabbatar bututun rara bai toshe ba, a kuma sa ran kwaɗi za su zo su yi ƙwai, wanda ake iya kwashewa da raga idan ya yi yawa. A kowane lokaci, canjin ruwa kashi 10 zuwa 20 cikin 100 duk mako biyu ya wadatar, ana zuƙo shi da tiyo daga ƙasa inda datti ya kwanta, a kai shi ga shukokin lambu. Ba a kwashe ruwan gaba ɗaya a wanke bango sai da babban dalili.

Magungunan ƙwari da ake amfani da su a gida suna kashe kifi ko da kaɗan ne suka shiga ruwa. Fiya-fiya, da maganin sauro na feshi, da maganin gona, da ruwan da aka wanke gidan sauro mai magani, duk a nisanta su, a kuma ware wa tafkin bokitinsa da ragarsa waɗanda sabulu ba ya taɓawa. Idan ƙananan ƙwari masu tsotsa suka taru a kan ganyen bado, a nutsar da ganyen ko a wanke su da tiyo su faɗa ruwa kifi ya cinye. Kifin da ya fito da fararen ɗigo yana goga jikinsa da bango, a fitar da shi zuwa baho mai gishiri giram 2 zuwa 3 a kowace lita, ba a zuba gishirin a tafki ba, domin bado ba ya jure shi. Kyanwa da zalɓe da guza kuma suna farautar kifi, kuma abin da ke kare shi daga gare su shi ne zurfin ruwa, da bango a tsaye, da guntun faffaɗan bututu ko fasasshiyar randa da aka kwantar a ƙasa don ya samu wurin ɓuya.

Bayan shekara ɗaya ko biyu tukunyar bado takan cika, sai a ɗago ta a farkon bazara, a zazzage, a raba 'ya'yan tushen, a sake dasa mafi ƙarfi a sabuwar ƙasa. Gupi ma zai yi yawa, ko da yake kifin zinariya yana rage 'ya'yansa, kuma idan ruwa ya yi daɗi shi kansa kifin zinariyar zai yi ƙwai a cikin saiwar kainuwa. Rarar kifi da tsiro a ba maƙwabta masu tafki ko a mayar wa masu sayarwa, ganye da kainuwar da aka rage kuma a shanya su su bushe a yi taki. Kada a saki kifin ado ko baƙon tsiro a kogi, ko dam, ko magudanar ruwa, domin idan suka samu wuri suna gogayya da kifayen gida wajen abinci, kuma fitar da su daga baya abu ne mai matuƙar wuya.